Yadda ake fitar da rabo mafi riba da lissafin miƙaƙƙun layuka

Duk mai sana'a akwai abin da ya ɗaure masa hannu. Manomin rani a bakin kogin Galma, fili ne da kuɗin taki da awannin da injin ban ruwa zai iya yi. Mai kiwon kaji a Shika ko Basawa, tsadar masara ce da waken soya. Tambayarsu kuwa ɗaya ce: da ɗan abin da ke hannuna, nawa zan sa a nan, nawa zan sa a can, don riba ta kai ƙarshe ko kashe kuɗi ya sauko ƙasa? Akwai lissafin da aka yi musamman don wannan tambaya. A jami'a ana kiran sa liniya furogiramin, a nan za mu ce masa lissafin miƙaƙƙun layuka. Na sha yin sa tare da ɗalibai da manoma da masu kaji, kuma abin da na lura shi ne warwarewar ba ta cika kayar da mutum ba. Rubuta matsalar daidai tun farko, nan ne ake faɗuwa. Saboda haka a nan zan fi daɗewa.

Kayan aiki

Kana bukatar takardar giraf, da rula, da fensir mai tsini, da kalkuleta ko ta waya ce. In babu takardar giraf, littafin lissafi mai gida-gida na 'yan firamare ya wadatar. Don babban aiki kana bukatar kwamfuta mai Excel. In ba ka da Excel, LibreOffice Calc kyauta ne kuma yana da nasa Solver, wato ɓangaren manhajar da ke warware irin wannan lissafi. In ma kwamfutar ce babu, shagunan buga takardu da ke Samaru daura da ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello suna da ita, kuma aikin ba ya cin lokaci in ka je da lissafinka a rubuce.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne alƙalumanka na gaskiya: nawa eka ɗaya ta ci maka bara, nawa ka sayi buhu, awa nawa injin ya yi. Alƙaluman da zan yi amfani da su a ƙasa na misali ne kawai, na zaɓe su don lissafin ya fita sarai. Kada ka ɗauke su ka shiga gona da su.

Mataki na 1: Faɗi abin da kake nema, ka ba shi harafi

Mu ɗauki manomi mai eka 10 a fadama, yana son ya raba ta tsakanin tumatir da albasa. Abin da bai sani ba biyu ne: ekar tumatir nawa, ekar albasa nawa. Ta farko mu kira ta T, ta biyu A. Rubuta a saman takarda cewa T tana nufin yawan ekar tumatir. Kada ka rubuta "T tumatir" ka wuce, domin can gaba za ka rikice ko kwando kake nufi ko eka ko naira.

Mataki na 2: Rubuta burinka

Buri ɗaya tak ake rubutawa. Ko dai ka ce riba ta kai iyakar yawa, ko ka ce kashe kuɗi ya kai iyakar ƙaranci. Ba a haɗa biyu a layi ɗaya. A misalinmu ekar tumatir tana barin ribar naira 500,000 bayan an cire duk abin da aka kashe, ta albasa kuma 400,000. Don kada sifili ya cika mana takarda, mu ɗauki naira 100,000 a matsayin 1. Sai burin ya zama:

Riba = 5T + 4A

Ka lura na ce bayan an cire abin da aka kashe. Mutane da yawa suna zuba kuɗin ciniki a gurbin riba, sai lissafi ya tura su ga amfanin da ya fi kawo kuɗi a kasuwa alhali shi ya fi cin jari.

Mataki na 3: Rubuta iyakokinka ɗaya bayan ɗaya

Zauna ka tambayi kanka: me zai ƙare mini in na ce zan yi ta faɗaɗawa? Kowace amsa layi ɗaya ce. Alamar ≤ tana nufin kada ya wuce, alamar ≥ kuma kada ya gaza.

Fili: eka 10 ce gaba ɗaya, don haka T + A ≤ 10.

Jari: yana da naira miliyan 2.4. Ekar tumatir tana cin 300,000, ta albasa 200,000. Don haka 3T + 2A ≤ 24.

Ruwa: injinsa ba ya wuce awa 45 a mako. Ekar tumatir tana son awa 6, ta albasa awa 3. Don haka 6T + 3A ≤ 45.

Sai na ƙarshe wanda ake yawan mantawa da shi saboda a fili yake: T ≥ 0 kuma A ≥ 0. Ba a noma ƙasa da babu.

Kurakurai biyu ne ke ɓata wannan mataki. Na farko, haɗa ma'auni daban-daban a layi ɗaya, a ce hagu awa a mako, dama kuma awa a wata, ko hagu kilo dama buhu. Karanta kowane layi da baki: "awa 6 sau ekar tumatir, a tara da awa 3 sau ekar albasa, kada su wuce awa 45." In jimlar ba ta yi ma'ana a kunne ba, ba za ta yi a takarda ba. Na biyu, barin wata iyaka a zuci. In ka san ba ka samun leburori fiye da kaza lokacin dashe, ko dillalinka ba ya ɗaukar fiye da kwando kaza a mako, rubuta shi. Lissafin bai san abin da ba ka gaya masa ba.

Kafin ka wuce, duba abu ɗaya. Wannan hanya tana ɗauka cewa eka ta biyar tana ba da riba daidai da eka ta farko, kuma tana cin kuɗi daidai da ita. In kayanka suna da yawan da zai karya farashi a kasuwar da kake kai wa, ko kana samun ragi in ka sayi taki da yawa, to layin ya lanƙwashe. Maganin da na fi yi shi ne in sa iyaka a kan yawan, misali T ≤ 6, don lissafin ya tsaya a inda farashin yake riƙe.

Mataki na 4: Zana layukan

Ja layin kwance ka ba T, ja na tsaye ka ba A, kowane babban gida eka ɗaya. Kowace iyaka ɗigo biyu take bukata: sa A sifili ka nemo T, sa T sifili ka nemo A, ka haɗa su da rula.

Layin fili ya tashi daga 10 a kan T zuwa 10 a kan A. Layin jari daga 8 a kan T zuwa 12 a kan A. Layin ruwa daga 7.5 a kan T zuwa 15 a kan A.

Yanzu shafe wurin da yake ƙarƙashin layukan uku duka da fensir. Wannan shi ne filin iyawa: kowane ɗigo a cikinsa shiri ne da manomin zai iya aiwatarwa ba tare da wani abu ya yanke masa ba. In kana shakkar wane ɓangaren layi ne naka, gwada ɗigon sifili da sifili. In ya cika sharaɗin, ɓangarensa ne naka. In kana son ka tabbatar da zanenka, manhajar GeoGebra ko Desmos a waya za ta zana maka shi in ka rubuta iyakokin.

Mataki na 5: Nemo kusurwoyi ka gwada kowace

Ga ka'idar da duk aikin ya dogara a kanta, ita kaɗai nake so ka haddace: in akwai amsa mafi kyau, za a same ta a wata kusurwa ta filin iyawa. Dalili kuwa, riba tana hawa ne a miƙe, saboda haka duk inda ka tsaya a tsakiyar fili akwai gefen da za ka matsa ta ƙaru, har sai iyakoki biyu sun tare ka.

Filinmu kusurwa biyar gare shi. Uku ana karanta su kai tsaye daga zane. Biyun da suka rage sai an warware. Inda layin fili ya gamu da na jari: A = 10 − T, a zuba a 3T + 2A = 24, sai a samu T + 20 = 24, wato T = 4, A = 6. Inda layin jari ya gamu da na ruwa, haka za ka bi ka samu T = 6, A = 3. Kada ka dogara da ido a nan, kaurin bakin fensir kaɗai ya isa ya ci maka rabin eka.

T = 0, A = 0: riba 0
T = 7.5, A = 0: riba 37.5
T = 6, A = 3: riba 42
T = 4, A = 6: riba 44
T = 0, A = 10: riba 40

Amsa ta fito: eka 4 tumatir, eka 6 albasa, ribar naira miliyan 4.4. Wanda ya ce tumatir ya fi riba bari in cika gona da shi zai tashi da miliyan 3.75, kuma eka biyu da rabi za su zauna babu ruwan da zai kai musu.

Ga tarkon da ke kama kusan kowane sabon hannu. Layin fili da na ruwa su ma sun gamu, a T = 5, A = 5, kuma ribar wurin 45 ce, ta fi 44. Sai ka ga ɗalibi ya ja layi biyu a ƙarƙashinta yana murna. Amma zuba ta a layin jari: 15 da 10 sun zama 25, mu kuwa 24 gare mu. Wannan mahaɗa tana wajen fili. Ba kowace mahaɗar layuka ce kusurwa ba, don haka duk ɗigon da ka samu ka bi da shi ta kan iyakokin gaba ɗaya kafin ka lissafa ribarsa.

Mataki na 6: Tambayi amsar abin da ya ɗaure ta

Yawancin mutane a mataki na biyar suke rufe littafi, ni kuwa a ganina amfanin aikin a nan yake. Zuba T = 4 da A = 6 a kowace iyaka. Fili ya ƙare tas. Jari ya ƙare tas. Ruwa kuwa awa 42 aka ci, saura 3. Ke nan in wani ya zo wa manomin nan da tallan sabon inji, ba inji ne matsalarsa ba a yanzu.

To in ya samu aron eka ɗaya fa? Mai da 10 ta zama 11 ka sake warwarewa: T = 2, A = 9, riba 46. Eka ɗaya ta ƙara naira 200,000. Wannan shi ake kira farashin ɓoye, kuma shi ne iyakar abin da ya kamata ya biya na hayar ekar. In mai fili ya nemi fiye da haka, a bar masa abinsa. In kuma bashin 100,000 ya samu, 24 ta zama 25, sai ɗigon nan na T = 5, A = 5 ya shigo fili, riba ta koma 45. Amma duba da kyau, a wurin ruwa ya kai awa 45 cif. In ya ci bashin 200,000 ko rabin miliyan, riba tana nan a 45, domin yanzu fili da ruwa ne suka tare shi, ragowar kuɗin zama za su yi yana biyan kuɗin ruwansu a banza. Farashin ɓoye yana da iyakar da yake aiki, kada ka ninka shi yadda ka ga dama.

Sai kuma farashi. Kowa a Zariya ya san kwandon tumatir ba ya zama wuri ɗaya tsakanin kakarsa da lokacin da ya yi wuya, kuma ba a manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman. Saboda haka gwada amsarka da farashi uku: mai kyau, matsakaici, da mummuna. A misalinmu, muddin albasa tana 4, rabon 4 da 6 yana nan daram in ribar tumatir tana tsakanin 4 da 6. In ta faɗi zuwa 3, albasa zalla ta fi. In ta haura zuwa 7, sai a koma eka 6 da eka 3. Amsar da ta jure faɗin farashi irin wannan ita ake shiga gona da ita da kwanciyar hankali.

Mataki na 7: In abin nema ya wuce biyu, koma kwamfuta

Takarda tsaye da kwance kawai gare ta, don haka zane ya ƙare a abu biyu. Daga nan sai hanyar simfileks, wadda George Dantzig ya fitar a 1947 yana yi wa rundunar sojin saman Amurka aikin tsare-tsare. Kafin shi, Leonid Kantorovich ya rubuta irin wannan lissafi a 1939 a Leningirad, bayan masana'antar katako ta kawo masa matsalar rabon aiki tsakanin injuna, kuma ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1975 tare da Tjalling Koopmans. Abin da simfileks take yi ba baƙo ba ne gare ka yanzu: ta tsaya a kusurwa, ta leƙa maƙwabtanta, ta matsa zuwa wadda ta fi, har ta rasa wadda ta fi. A gonarmu za ta iya tashi daga 0 zuwa 37.5, zuwa 42, zuwa 44, ta ga ta gaba 40 ce, ta tsaya.

Mu gwada da haɗin abincin kajin ƙwai, domin a nan ne masu kiwo suka fi cin moriyar lissafin. Muna son kilo 100. Mu ware kilo 10 na farar ƙasa da garin ƙashi da gishiri da firimiks (haɗin bitamin da ma'adanai na kaji), saura 90 da za a raba tsakanin masara, da waken soya da aka matse mansa, da dusar alkama. Masara tana da furotin kimanin kashi 9 cikin ɗari, soya kimanin 44, dusa kimanin 16. Kuzarinsu a kowane kilo mu ɗauka kilokalori 3400 da 2400 da 1900. Farashin misali a kilo: naira 500 da 900 da 300. Muna son furotin kada ya gaza kilo 16.5, kuzari kada ya gaza 260,000 a haɗin duka, dusa kuma kada ta wuce kilo 15 saboda ƙaiƙayinta.

A Excel, rubuta sunayen uku a A2 zuwa A4. Bar B2 zuwa B4 babu komai, nan amsa za ta sauka. Farashi a C, furotin a D a rubuce 0.09 da 0.44 da 0.16, kuzari a E. A B5 rubuta =SUM(B2:B4). A C5 rubuta =SUMPRODUCT(B2:B4,C2:C4), ka yi wa D5 da E5 irin haka da nasu layukan.

In ba ka ga Solver a ƙarƙashin Data ba, shiga File, Options, Add-ins, danna Go, ka sa alama a Solver Add-in. A LibreOffice yana ƙarƙashin Tools. Buɗe shi ka ba shi C5 a matsayin buri, ka zaɓi Min, ka nuna masa B2:B4 a matsayin gidajen da zai canza. Da maɓallin Add shigar da iyakoki: B5 = 90, D5 >= 16.5, E5 >= 260000, B4 <= 15. Tabbatar akwai alama a akwatin da ke hana adadi sauka ƙasa da sifili. Sannan ka canza hanyar warwarewa zuwa Simplex LP, domin Excel da GRG Nonlinear yake buɗewa, wadda aka yi don lanƙwasassun matsaloli. Danna Solve.

Za ka samu masara kilo 54, soya 21, dusa 15, a kan naira 50,400. Bi ta kansu da kalkuleta: furotin 4.86 da 9.24 da 2.4 sun ba da 16.5, kuzari 262,500. In ba wannan ka samu ba, akwai gidan da ka cika ba daidai ba, kuma sau da yawa 9 aka rubuta a maimakon 0.09. Kafin ka rufe, zaɓi rahoton Sensitivity, a ciki za ka ga farashin ɓoye na kowace iyaka da iyakar da yake aiki, abin da muka yi da hannu a mataki na shida.

Mataki na 8: In Solver ya ƙi

In ya ce bai samu amsar da ta cika sharuɗɗa ba, iyakokinka ne ke faɗa da juna. Ka nemi furotin mai yawa alhali ka ɗaure soya, ko ka juya wata alama. Cire iyakoki ɗaya ɗaya kana sake gwadawa har ka gano mai laifin. In kuma ya ce burin ba ya tsayawa wuri ɗaya, wata iyaka ce ka manta, ko ka zaɓi Max a inda Min ya kamata.

In abin da kake nema ba ya gutsuruwa, kamar keken ɗinki ko mota ko ma'aikaci, kada ka karɓi 3.6 ka ce 4 ke nan, domin ƙarin zai iya fitar da kai daga filin iyawa. Ƙara iyaka a kan gidan ka zaɓi int, shi zai nemo cikakken adadi. Solver na Excel yana ɗaukar abin nema har 200, wanda ya ishi kowace gona da kowane ɗakin kaji da na taɓa gani.

Mataki na 9: Kai amsar ƙasa a hankali

Haɗin da muka yi na koyo ne. Kazar ƙwai tana bukatar kalsiyam da fosfarus da laisin da metayonin (waɗannan biyun sinadaran furotin ne) gwargwado, kuma kowannensu layi ne da za ka ƙara a teburin. In ba a sa su ba, kwamfuta za ta ba ka abinci mai arha wanda zai sa ɓawon ƙwai ya yi laushi. Mu a nan Zariya mun yi sa'a, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI tana Shika, inda aka samar da kazar Shika Brown, ga kuma cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru. Nemi teburin sinadaran abinci da shawarar masana kafin ka haɗa da yawa. In ɗanyen waken soya ka saya a kasuwa, sai an gasa shi kafin a ba kaji, kuma alƙalumansa daban ne da na wanda aka matse, don haka canza su a D da E.

Fara da buhu ɗaya ko biyu, ka ba wani rukuni na kajin, ka riƙa rubuta yawan cin su da yawan ƙwai na 'yan makonni kana kwatantawa da sauran. Ajiye fayil ɗin. Duk ranar da farashin masara ya motsa a kasuwar Giwa ko Sabon Gari, canza layin C ka sake danna Solve. In ka samu ƙuliƙuli ko dawa da arha, ƙara musu layi a teburin, ka faɗaɗa SUM da SUMPRODUCT da gidajen da Solver ke canzawa su haɗa da su, ka ga ko za su samu shiga haɗin.